Jirgin Kawu Osman da Buhu Takwas na Gishiri

Suna cikin motar Kazeem direba, an ɗan wuce Kpong, tsoron ya kama Zuberu. Wata mata ce a bencin baya take gaya wa ta kusa da ita cewa gishiri ya yi wuya a ƙauyukan bakin tafki tun da ruwa ya cinye hanyoyi, har mutane na ba da kaza su karɓi gwangwani biyu. Ba da shi take ba. Amma Zuberu ya riƙe katakon benci da hannu biyu. Awa uku da suka wuce, shi da bakinsa ya sa aka jera buhu takwas na gishiri a gefen dama na jirgin kawunsa, kuma gishirin nan kaɗai ya hana jirgin kwantawa hagu. Ƙaltume, matar kawun nasa, tana cikin jirgin. Ba a taɓa jin abin sayarwa ya kwana uku a hannunta ba.

"Tsaya," in ji Zuberu.

Kazeem ya dube shi ta gefen ido. "Fitsari?"

"A'a."

"To mene ne?"

Zuberu ya waiwaya. Babu abin gani sai ciyawa da jan hanya. Jirgin ya tashi tun da hantsi.

"Ba komai. Mu je."

Kawu Osman kafinta ne a unguwar Nima, shekara ashirin da biyar yana sana'a a bakin babbar kwata. Ya yi benci, ya yi ƙofa, ya yi teburin masu koko, ya yi allunan makaranta ba adadi, makarar masallacin unguwa ma shi ya yi ta, kuma yakan ce ba wanda ya taɓa hawanta ya dawo da ƙorafi. Amma abin da aka fi saninsa da shi daban ne. In mutum ya kama ɗaki guda a gidan haya, yana da mata da 'ya'ya biyar da akwatuna da keken ɗinki, Osman ake kira. Zai zo da igiyar awo a wuya da fensir a bayan kunne, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo har a zaci ya manta abin da ya kawo shi. Bayan mako guda komai ya shige. Gado ya hau sama, akwatuna sun shiga ƙarƙashinsa, tebur yana naɗewa jikin bango, yara suna da wurin kwana da ba a san akwai shi ba.

An haife shi a Zangon Kete, can bakin kogin Volta ta arewa. Yana shekara shida ubansa ya rasu, uwarsa ta ɗauko shi da ƙanwarsa Azara, wato uwar Zuberu, suka yo kudu. Tun daga nan bai koma ba. Abin da ya riƙe na garin bai wuce uku ba: wani rimi a ƙofar gidansu, ƙaurin kifi, da wurin da aka binne ubansa, taku kaɗan daga rimin. Jirgin ruwa kuwa sau biyu ya shiga a rayuwarsa, duka a mashigin Senchi, kuma duka biyun bai sauka daga cikin mota ba.

Shi ya riƙe Zuberu bayan rasuwar ubansa. Shi ya yi masa akwatin makarantar kwana, ya yi masa kantar littattafai, ranar da aka ɗauke shi jami'a a Legon kuma ya rufe shago da rana tsaka ya zaga Nima da Maamobi yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Tarihi Zuberu ya karanta. Ga Kawu Osman wannan ba wani bambanci ba ne. Wanda ya je jami'a ya san komai, daga maganin basir har gyaran rediyo.

Da aka tare kogi a Akosombo, ruwa ya fara hawa, labari ya riƙa zuwa Nima a bakin direbobi: an kwashe mutanen Kete an kai su sabon gari a kan tudu, kasuwa ta nutse, masallaci ya nutse, sai kawunan manyan itatuwa ake gani. Osman yana ta saurare. Ran wata Juma'a a farkon 1965, bayan an sauko masallaci, ya ce wa matarsa za su koma gida.

"Wane gida?" in ji Ƙaltume.

"Kete."

"Sabuwar?"

"Ban san kowa a sabuwar ba. Tsohuwar."

"Malam, tsohuwar tana ƙarƙashin ruwa."

"Mu muna sama," in ji shi. "An ce ba a zama a garin don ruwa ya ci shi. Ban ji an hana zama a kan ruwan ba."

Ƙaltume ta yi shekara talatin da shi, 'ya'yansu biyu mata duk sun yi aure. Ta tambaya ko akwai mutane a bakin tafkin. Ya ce akwai, masunta sun cika shi. Ta tambaya ko suna da kasuwa. Ya ce bai jin suna da ita tukuna. Ta ce to za ta je.

Gindin jirgin ba shi ya yi ba. Ya san iyakarsa. Wani masunci mutumin Battor mai suna Agbeko ya samo masa wani tsohon jirgin dakon kaya, dogo siriri, ƙafa arba'in a tsawo, ƙafa shida a faɗi, yana ajiye a bakin ruwa sama da madatsa. Osman ya je ya auna shi sau ɗaya, ya dawo da awon a rubuce a jikin wani guntun katako. Abin da ya rage, wato ɗakin da za a ɗora a kai da duk abin da ke cikinsa, aikinsa ne. Kuma ba ya aiki da takarda. Sai ya shiga wuri, ya zauna, ya miƙe, ya miƙa hannu ya ji inda ya kai.

A bayan gidan da suke haya akwai wani lungu da ba ya ɓullewa. Osman ya sa igiya ya auna: ƙafa shida da ɗan yatsa biyu. Ya zuba toka ya ja layi a ƙafa arba'in, ya ce daga nan zuwa nan jirgi ne. Washegari ya kwaso tabarmarsa ya tare.

Wata huɗu suka yi a lungun. Can ƙarshe, inda za a ɗaura inji, ya keɓe wurin man fetur da kayan aiki. Gaba da shi ya kafa ɗan zagayen wanka da bayan gida, wanda Ƙaltume ta duba ta ce ko ba komai an huta da layin safe. Sai madafa, kurfoti, wato murhun gawayi, a cikin akwatin yashi don kada garwashi ya taɓa katako, da ƙugiyoyin rataye tukunya. Sai gado mai naɗewa da gidan sauro. Ya sa wa fitila marataya, ya yi wa buta ramin da za ta zauna daram, ya yi wa rufin kwano ɗan mazurari mai kai ruwan sama cikin duro. Taga huɗu ya fitar, kowace da sakata. Duk abin da ya ƙera sai ya sa Ƙaltume ta yi girki a wurin kwana uku, in ta buge gwiwa ya cire ya sake.

Liman ya zo kallo, ya tambayi yadda za a yi da alƙibla tunda jirgi juyawa yake. Osman ya ce ya yi tunanin wannan, faɗin ƙafa shida ya isa sujada, in lokaci ya yi sai a juya jirgin. Liman ya ce ai mutum ne ke juyawa. Osman ya ce in mutum ya juya zai sa goshi a kurfoti.

Bango biyu ne suka yi lungun. Na hagu, in ka fuskanci inda aka ce nan ne goshin jirgi, na siminti ne, na mai gidansu, wanda ya ce a buga abin da aka ga dama. Na dama na ƙasa ne, bayan ɗakin wata mai suna Madina, mai sayar da dokunu, wato tuwon ƙullun masara, wadda ƙusa ta farko na shiga ta fito da muciya a hannu.

"Baba Osman, ni ba jirgi nake ciki ba. Ɗaki nake. Ƙasa na zubo mini a ƙullu."

"Ƙusa ɗaya ce, 'yata."

"Ɗaya ce ta fara. Na san ku kafintoci."

Osman ba mai rigima ba ne. Ya zare ƙusar ya toshe ramin da yatsa. Daga ranar komai ya koma bangon hagu: kantoci, duron ruwa, akwatin kayan aiki, turmi, dutsen niƙa, keken ɗinki. Dama ta zama hanyar wucewa, fes, ko tsinke babu. Ya ma ce haka ya fi, mutum ya tashi daga goshi har gindi bai yi tuntuɓe ba.

Abu na ƙarshe da ya shiga shi ne kabad ɗin jere. Ƙaltume tana da kwanoni na shekara talatin, langa da kwalla da fanteka da tasoshin tagulla na uwarta, waɗanda ba a cin abinci a ciki, ana dai wanke su a jera. Ta ce ita ba za ta zauna inda baƙuwa za ta shigo ta ga bango tsirara ba. Osman ya tambaya wace baƙuwa ce za ta zo tsakiyar tafki. Ta ce wadda ta zo. Ya yi mata kabad na odum, icen da ya fi kowane nauyi a shagonsa, don shi ne gara ba ta ci. Ya yi wa kowane kwano gurbinsa da ɗan shinge don kada ya zame. Mutum huɗu suka ɗaga shi. Wurinsa a hagu ne, tsakanin gado da madafa, kuma a jikinsa aka ɗaure ginshiƙan rufi.

A lungu duk wannan bai nuna wani aibu ba, don ƙasar Nima ba ta karkata. Zuberu ya zo hutu sau biyu ya gani, ya yaba. Ya gama jarrabawa a watan Yuni, ya dawo gida yana jiran a tura shi koyarwa, ya tarar ana kwance katakai ana sa musu lamba da alli.

Kazeem, Bayaraben da ke da mota a tashar Nima, shi ya kwashe kayan zuwa bakin ruwa. Kwana biyar Osman ya yi yana harhaɗawa a kan jirgin, jirgin kuwa yana kan tudu a bisa gumagumai. Komai ya shiga gurbinsa ba a ƙara sassaƙa ko ɗaya ba. A rana ta shida da safe aka tara masunta suka tura shi ruwa.

Ya yi iyo. Sai dai ya kwanta hagu kamar mai sauraron magana ta bango. Tsakanin bakin jirgin da ruwa ta wannan gefen bai fi tafin hannu ba. A ciki aka ji wata langa ta ce ƙwal.

Agbeko ya shiga ruwa har ƙugu ya zaga jirgin. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta isa.

"Baba, kabad ya fita. Ko ya zo tsakiya."

"In ya zo tsakiya ina hanya?" in ji Osman. "In ya fita rufi ya faɗi."

"To kwano ya fita."

"Kai ka fita," in ji Ƙaltume daga kan tudu.

Mutane sun taru, masunta da 'yan dako da mata masu soya kifi. Osman ya juya ya nemi ɗan ƙanwarsa a cikinsu.

"Ga wanda ya je Legon. Zuberu, zo ka duba mana."

Zuberu ya matso. Abin da ya gani shi kowa ya gani, kuma abin da ya kamata a faɗa Agbeko ya riga ya faɗa. Amma kawunsa na tsaye da fensir a kunne, rigarsa duk garin katako, wata huɗu na aikinsa na kan ruwa, ga baƙi suna kallo. Zuberu bai taɓa ce masa ka yi kuskure ba ko su biyu a ɗaki. Ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan wata motar garin Ada da ke sauke gishiri.

"Kawu, aikin ba shi da laifi. Nauyi ne bai daidaita ba. In aka sa wani nauyin a dama, zai miƙe."

Aka ɗauko buhu ɗaya, aka ƙara, aka ƙara. A na takwas jirgin ya miƙe tsaf. Hanyar wucewa ta zama sai an karkace, amma ana wucewa. Masunta suka yi tafi. Osman ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Shekara uku kawai ya yi a can."

Agbeko ya ce dutse ya fi. Ba wanda ya kula shi, don a wurin babu dutsen kirki kusa, ga gishiri kuwa a gabansu. Ƙaltume ce ta je wajen masu motar. Ta sa hannu a buhu, ta murza, ta ɗanɗana, ta mayar da buhu biyu ta ce a canza mata da mai haske. Ta kwance bakin zanenta ta sallame su da kanta. Zuberu ya ga duk wannan, ya ɗauka kirki ne irin na matar da ba ta son mijinta ya ji kunya.

"Legon," ta ce masa da za ta shiga jirgi, haka take kiransa, "ashe kana da kai."

Shiri shi ne Agbeko ya raka su har Kpando, kwana biyu, ya koya wa Osman inji da yadda ake kauce wa itatuwan da suka nutse, daga nan ya dawo ta mota. Su kuma su bi gaɓa a hankali, ba tafiyar dare, in sun isa Kete Krachi, wato sabon garin, cikin mako guda su buga waya daga gidan waya. Aka yi addu'a, inji ya tashi a ja na huɗu, suka tafi.

A ƙofar gida Azara ta tare ɗanta ta tambaya yaya aka rabu. Ya ce lafiya lau. Ta ce ta ji an ce shi ya gyara jirgin. Labarin ya riga shi isowa, kwandastan Kazeem ya baza shi tun daga tasha.

Ran kwana na huɗu Zuberu ya koma bakin ruwa neman Agbeko. Ya same shi a inuwa yana ɗinkin koma.

"Sun tafi lafiya," in ji Agbeko. "Baba ya iya inji. Hannunsa da kyau."

"Gishirin fa?"

Agbeko ya ciji zare ya tofar. "Mama ya sayar uku a Kpando."

"Uku?"

"Mutane ya zo da kwalekwale, ya zo da kifi, ya zo da kaza. Ni na ce, Mama, wannan ba na sayarwa ba ne. Ya ce shi ya saya, ba ni ba."

"Kawu bai hana ta ba?"

Agbeko ya ci gaba da ɗinki. Zuberu ma ya san amsar. Ƙaltume ta taɓa sayar da bencin da Kawu ke zaune a kai, ya tashi ya taya mai saye ɗauka.

"Na ɗebo dutse na sa a wurin," in ji Agbeko. "Ya ce dutse yana ƙazanta ɗaki. Ban sani ba ko ya bar shi. Baba ya ce ba komai, Mama zai riƙa zama a dama."

"Ta isa buhu uku?"

Agbeko ya yi tunani da gaske. "Biyu."

Zuberu ya tambaye shi me zai faru in aka sayar da sauran biyar. Agbeko ya ce in ruwa na kwance, ba komai, za su tafi a karkace, sai tuwo ya riƙa taruwa gefe guda a tukunya. In iska ta taso da yamma ta bugo daga dama, ko gindin ya hau kan reshen da ba a gani, wannan kuma daban. Ya ce tafkin sabo ne, ko su ba su gama saninsa ba. Ya koma ɗinkinsa.

Mako ya cika ba waya. Zuberu ya je ɗakin karatu a cikin gari ya nemi littafi a kan jirage, ya sami ɗaya mai zane-zane da lissafi, ya fahimci isasshen da zai hana shi cin abinci. Ya dawo gida ya cika fantekar wanki da ruwa, ya ɗora gwangwanin kifi, ya jera tsakuwa a gefe guda, ya sa ƙullin gishiri takwas a ɗaya gefen, ya riƙa cirewa ɗaya-ɗaya yana hura iska da baki. Wani lokaci gwangwanin ya kife a na biyar, wani lokaci ya kai na bakwai. Sau ɗaya bai kife ba sam. Yana tsugune a haka Azara ta fito daga madafa.

"Me kake yi da gishirina?"

"Gwaji ne, Inna."

Ta dubi fantekar, ta dubi gwangwanin da ke kwance a ƙasan ruwa, ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi makaranta ba, amma ba ta sake tambaya ba. Ta ce in ya gama ya zubar da ruwan a kwata, kada yara su yi wasa da shi.

A unguwa ba wanda ya damu. Liman ya ce wataƙila gidan wayar sabon garin bai fara aiki ba. Madina ta ce Ƙaltume ta sami kasuwa ne, ba za ta tashi ba sai ta ga ƙarshen mai saye. Wasu sun fara kawo wa Zuberu rediyo da agogo ya duba musu. Takardar aikinsa ta zo, an tura shi wata sakandare a Swedru, zai kama aiki farkon wata. Ya sa ta a aljihu bai nuna wa kowa ba.

Ya rubuta wasiƙa zuwa ga sarkin Zango na sabuwar Kete, ya kwatanta jirgin: dogo, rufin kwano, taga huɗu, dattijo ɗaya da mace ɗaya. Ya tsaya a kan ko ya rubuta cewa ya karkata hagu, sai ya rubuta, don ta haka za a fi gane shi. Kazeem ya ba wani direba da ke bin hanyar arewa wasiƙar, ya ce masa ya tambaya a duk mashigin da ya tsaya.

Yau kwana goma sha uku da tashinsu, kwana goma sha ɗaya rabon da wani ya ce ya gan su. Zuberu ya je gidan waya da safe, ya koma bayan azahar, babu komai. Direban zai dawo ran Alhamis.